Cokali nawa zan ba shi? Ragowar amoksisilin na wancan watan

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarona ɗan shekara biyu da rabi ne yau kwana huɗu yana fama da mura da tari, jikin da zafi, in na ba shi farasitamol ya sauka da dare kuma ya dawo. Akwai ragowar amoksisilin na ruwa da aka rubuta wa yayarsa wancan watan da kunnenta ya yi ciwo, kwalbar saura rabi kuma tun lokacin tana firiji ban fito da ita ba. Cokali nawa zan ba shi, sau nawa a rana? Ita dai cokali ɗaya sau uku na dinga ba ta.

Magidanci:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ai magani ɗaya ne Hajiya, yadda kika ba yayar haka za ki ba shi, in kwana biyu bai warware ba sai a nemi Augmentin don ya fi ƙarfi. Ni haka nake yi a gidana.

Anti Nas:
Maman Biyu dan girman Allah kar ki ba shi wannan kwalbar. Amoksisilin na yara gari ne, daga ranar da aka zuba masa ruwa kwanakinsa a ƙirge suke, wani kamfanin kwana 7 wani 14, a jikin kwalin suke rubutawa, in ya wuce haka ko a firiji yake ya tashi aiki. Sannan ba mu ma san ko yaron na buƙatar antibayotik ba tukunna. Abin da nake so ki yi yanzu, ki bari ya natsu ba ya kuka, in yana barci ma ya fi, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya, ja da saki ɗaya kenan. Ki kuma duba ƙasan haƙarƙarinsa ko yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. Sai ki dawo ki faɗa mana.

Maman Biyu:
To Anti bari ya yi barci yanzu rigima yake. Amma majinar fa ta koma kore mai kauri, ba an ce in ta canza kala infekshan ya shiga ba?

Daktan Yara:
A'a ƙanwata, kalar majina ba ta raba gardama. Wannan kore ko ruwan ɗorawa da kike gani sojojin jini ne da suka taru a wurin suna faɗa, kuma ko bairos ne ko bakteriya taruwar za su yi. Mura kusan dukkanta bairos ce, shi kuwa antibayotik bakteriya kaɗai ya sani. Amoksisilin misali bangon jikin bakteriya yake rushewa, bairos ba shi da wannan bangon, to me zai rushe? Tarin da ke biyo bayan mura yana iya kai sati biyu har uku kuma ba abin tashin hankali ba ne in yaro na ci yana wasa. Abin da muke tsoro shi ne nimoniya, wato ciwon huhu, shi ya sa Anti ta ce ki ƙirga. Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri ƙasa da wata 2 numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11 kuma 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Naki 40 ne iyakarsa. In kuma kin ga ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko jijjiga, ko barcin da ba ya tashi da sauƙi, ki bar ƙirgar ku tafi asibiti yanzu-yanzu.

Magidanci:
Dakta ranka ya daɗe ba gardama nake ba, amma ni na sha gani a jikina, mura ta kama ni in sha amoksisilin kwana uku in miƙe garau. In ba ya aiki ya aka yi nake warkewa? Kuma maganar Augmentin ai kowa ya san ya fi ƙarfi.

Malam Famasis:
Alhaji da ka sha da ba ka sha ba murar a wannan kwanakin za ta sake ka, yawanci mutum ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙololuwa, daga nan kuwa sauka zai yi da kansa sai maganin ya karɓi yabon. Ita kuma kalmar "ƙarfi" ɗin nan wallahi ita ce ta fi ba mu wahala a wurin aiki. Augmentin amoksisilin ne dai, sai aka haɗa shi da wani sinadari kilabulanik, saboda wasu bakteriya suna fitar da wani abu da ke yayyanka amoksisilin kafin ya taɓa su, shi kilabulanik aikinsa ya tare wannan abin. In ƙwayar cutar da ta kama ka ba ta fitar da abin nan, ƙarin bai amfana maka komai ba sai gudawa da ya ƙara maka. Misali sitiref mai kawo ciwon maƙogwaro har yau penisilin na asali yana kashe shi. Don haka tambayar da likita ke yi wa kansa ita ce a ina ciwon yake, wace ƙwayar cuta ce ta saba zama a wurin, wane magani ne ke isa wurin, sannan wane ne mara lafiyar, nauyinsa nawa, ƙodarsa lafiya, mai ciki ce, yana da alaji, wato jikinsa ba ya karɓar wani magani.

Kuma tunda an ambaci Augmentin, na 375 guda biyu ba daidai yake da na 625 guda ɗaya ba. Na 375 amoksisilin 250 ne da kilabulanik 125, na 625 kuma 500 da 125, in ka haɗa biyu ka ninka kilabulanik ɗin kenan, shi ne kuma mai ɓata ciki.

Maman Biyu:
Na ƙirga sau biyu, na farko 47 na biyu 48. Haƙarƙarin ban tabbata ba kamar yana ɗan shiga. Jikina ya yi sanyi wlh.

Daktan Yara:
Ki kwantar da hankalinki kin yi abin da ya kamata. Ku tafi asibiti yau kar ku bari sai gobe, a saurari ƙirjinsa, a auna iskar jininsa da ɗan na'urar nan ta yatsa, kuma ki tabbata an ɗora shi a sikeli. Kar ki ba shi komai daga tsohuwar kwalbar kafin ku tafi.

Maman Biyu:
Gamu nan za mu fita, nagode Allah ya saka.

Amaryar Bana:
Allah ya ba shi lafiya. Tunda an buɗe maganar dan Allah nima ina da tambaya, ina da ciki wata biyar kuma kwana biyu kenan ina jin zafi in zan yi fitsari kuma kaɗan-kaɗan yake zuwa akai-akai, ƙawata ta ce infekshan ne ta ba ni ragowar wani antibayotik ɗinta mai suna sipro ta ce ita shi ya yi mata, ban fara sha ba tukunna.

Likitar Mata:
Alhamdulillah da ba ki fara ba ƙanwata, ajiye shi. Sipro da doksisaikilin ba ma ba mai ciki, Septrin ma muna kauce masa a farkon ciki da kuma dab da haihuwa. Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon mafitsara, kuma a mai ciki ba a wasa da shi don yana iya hawa ƙoda ya jawo naƙuda kafin lokaci, shi ya sa ma ko mai ciki ba ta jin komai in aka ga bakteriya a fitsarinta sai an yi mata magani. Ki je a karɓi fitsarinki a yi kalca, wato gwajin leb da ake tsirar da ƙwayar cutar a ga maganin da take ji, kafin ki sha komai. Yawanci sefaleksin muke bayarwa ko naitrofurantoyin na kwana 7, shi na biyun ba ma ba da shi in an kusa haihuwa. In kika ji zazzaɓi da rawar sanyi ko ciwo a kwiɓi ta baya ko amai, wannan ba na gida ba ne, kwanciya ce.

Sannan mata dan Allah wannan kalmar infekshan da muke tara komai a cikinta tana cutar da mu. Zafin fitsari daban, ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri daban, shi wannan yawanci kandida ne, wato naman gwari, antibayotik ba ya kashe shi ƙara shi ma yake yi, don yana kashe bakteriya masu amfani da ke tsare wurin. Na ga mata da yawa suna shan kwali bayan kwali ƙaiƙayin na ƙaruwa suna cewa ciwon ne ya yi ƙarfi, alhali maganin ne ke ciyar da shi.

Uwargida:
Dakta to mu da ba mu da ciki fa, in zafin fitsarin ya zo me ake sha?

Likitar Mata:
Yaya ga mace mai lafiya wadda ciwon ya tsaya a mafitsara, naitrofurantoyin miligiram 100 sau biyu a rana na kwana 5 shi ne na gaba-gaba a wurare da yawa, akwai kuma fosfomaisin giram 3 da ake sha sau ɗaya tak. Wata bakteriya mai suna E. coli ce ke kawo mafi yawansa kuma ta daɗe da daina jin amoksisilin a wurare da dama, shi ya sa ba ma fara da shi sai kalca ya nuna zai yi. Kin ga shi naitrofurantoyin misali ne mai kyau na abin da Malam Famasis ya faɗa, a fitsari yake taruwa, a mafitsara gwani ne, amma in ciwon ya hau ƙoda ko ya shiga jini ba shi da amfani ko kaɗan, kuma mai raunin ƙoda ba zai yi masa aiki ba. Namiji kuma in ya samu ciwon fitsari kwana 7 ne aƙalla kuma sai an binciki dalili. Duk da haka a je a gani, ban rubuta wannan don a sha kai tsaye ba.

Na Leb:
Bari in ƙara a kan maganar kalca don nan ne ɓangarena. A kawo mana fitsari kafin a fara magani, in an riga an sha kwana biyu sau da yawa ba abin da zai tsiro sai a ce leb ɗin ne bai iya ba. A wanke wurin, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a robar da muka bayar, a kawo da wuri kar ya wuni a jaka. Sakamako kwana 2 zuwa 3 yake ɗauka don sai ƙwayar ta tsiro sannan mu gwada ta da magunguna. Za ku ga S da R a takardar, S tana jin maganin R ta bijire. Abin da ke damuna shi ne mutum ya karɓi takardar ya zaɓi wanda sunansa ya fi burge shi a cikin masu S ya tafi, alhali likita zai duba ne ya ɗauki mafi ƙanƙantar illa wanda ya dace da wurin ciwon.

Ɗan Ƙwallo:
Ni abin da ya same ni kenan da taifod. Duk lokacin da na ji kasala da ciwon kai sai in je a yi min gwajin jini na Widal a ce akwai taifod sai sipro, a shekara ɗaya na sha sau huɗu, a na ƙarshen ina cikin sha agarata ta dama ta fara ciwo ta kumbura ko taka ƙafar ba na iyawa sosai, na ɗauka buguwa ce a fili sai da wani likita ya tambaye ni wane magani nake sha ya ce in tsaya nan take. Wata biyu ban buga ƙwallo ba. Har yau ina jin haushin abin don da aka yi min kalca na jini daga baya ba a ga komai ba.

Na Leb:
Sannu ɗan uwa. Widal ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, wanda ya taɓa yin taifod da daɗewa ko ya yi rigakafi ko ma maleriya ke damunsa yana iya nuna masa akwai. Guda ɗaya ba ya isa hujja. Kalca na jini shi ne gwajin.

Malam Famasis:
Allah ya kiyaye gaba, ka yi sa'a ba ta tsinke ba. Hukumar magunguna ta Amurka tun 2008 ta sa gargaɗi mafi girma a jikin sipro da danginsa kan tsinkewar agara, a 2016 kuma ta ce kar a ba da su don ƙaramin ciwon mafitsara ko ciwon hanci ko tarin ƙirji in akwai wani zaɓin. Haɗarin ya fi yawa ga dattawa da masu shan sitiroyid, wato wasu magungunan rage kumburi. Kuma wanda dole ta sa aka ba shi, kar ya haɗa shi lokaci ɗaya da madara ko maganin ƙwannafi ko ƙwayar ƙarin jini ko zink, suna kama shi a hanji ba ya shiga jini, a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Shan sipro babu dalili shi ne ya sa taifod ɗin gaske ya daina jin sa a wurare da yawa, a Pakistan tun 2016 aka samu wani nau'in da ya bijire wa sipro da seftirayakzon da tsofaffin magungunan duka, a cikin magungunan da ake sha ta baki azitromaisin ne ya rage musu.

Ɗalibar Likitanci:
Malamaina ina da tambaya dan Allah. Kullum muna ce wa mutane su shanye magani duka ko sun ji sauƙi don kar ƙwayar cuta ta bijire, amma na karanta wani rubutu da mujallar BMJ ta buga a 2017 inda wasu ƙwararru a Ingila suka ce wannan maganar ba ta da hujja mai ƙarfi, wai tsawaita shan maganin ne ma ya fi jawo bijirewa saboda bakteriyar hanji da ta fata duk suna shan maganin tare suna koyon jure masa. To wanne za mu faɗa wa mutane?

Anti Nas:
Ƙanwata ni dai ina roƙonki kar wannan maganar ta fita haka. Shekarata da yawa a ɗakin yara, abin da nake gani kullum shi ne uwa ta ba da magani kwana biyu zazzaɓi ya sauka ta ajiye kwalba, bayan sati a dawo da yaron ya fi da muni. In muka ce musu an ce ba sai an ƙarasa ba wlh kowa kwana ɗaya zai yi ya tsaya. Ga misali nan a gabanmu, ya aka yi kwalbar yayar ta rage rabi?

Ɗalibar Likitanci:
Na fahimta Anti, amma kuma in abin da muke faɗa ba daidai ba ne ai ba za mu ci gaba da faɗa ba don kawai ya fi sauƙin riƙewa.

Daktan Yara:
Ku duka biyun akwai gaskiya a bakinku, amma a aikace ina bayan Anti. Abin da binciken ya canza shi ne hannun mai rubutawa. Da ana rubuta kwana 10 ko 14 ga kusan komai, yanzu mun san nimoniya mara tsanani kwana 5 ya isa, ciwon mafitsara 3 zuwa 5, kumburin fata 5 zuwa 7 in yana ja baya. To mu ne za mu rage kwanakin tun a takarda, mara lafiya kuma ya cika abin da aka rubuta, in yana ganin ya warke ya tambaya kafin ya tsaya. Domin akwai waɗanda jin sauƙi yaudara ne a cikinsu. Ciwon maƙogwaro na sitiref kwana biyu yaro ya ware, amma kwana 10 muke ba da penisilin ko amoksisilin saboda mu kawar da ƙwayar gaba ɗaya, in ba haka ba wasu yaran bayan sati biyu zuwa uku gaɓoɓi su kumbura, abin ya taɓa ƙofofin zuciya, ciwon da za su ɗauka har girma. Tibi, wato tarin fuka, kuma wata 6 ne, wanda ya tsaya a wata biyu don ya yi ƙiba shi ne ke dawowa da wanda ba ya jin magani. Uwa a gida ba ta da hanyar sanin wanne ne wanne.

Ɗalibar Likitanci:
Na gane Dakta nagode. Zan riƙe haka.

Magidanci:
To na ji ta Augmentin na kuma karɓa. Amma allura fa? Ni a ganina in ciwo ya yi tsanani gara a yi allura kawai a huta, tana shiga jini kai tsaye.

Malam Famasis:
In ya yi tsanani Alhaji ai asibiti ne kuma can allurar za a yi, ba mu ƙi ba. Wanda ke amai ba ya riƙe komai, ko ciwo ya shiga jini, ko sanƙarau, ko jariri ɗan ƙasa da wata uku da zazzaɓi, waɗannan na allura ne. Ciwon sanyi na gonoriya ma allurar seftirayakzon guda ɗaya ce, a haɗa da doksisaikilin 100 sau biyu a rana na kwana 7 in ana zargin kilamidiya, wata ƙwayar ciwon sanyin daban, kuma dole a yi wa abokin zama shi ma. Amma wanda ke iya haɗiya, amoksisilin na baki yana shiga jini sosai. Sannan allura ba ta da sauƙin da ake ɗauka, jentamaisin in an wuce ƙima ko ƙoda ba lafiya yana lalata ƙodar yana kurmantar da mutum, kuma jin ba ya dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017 ta kasa antibayotik gida uku a tsarin da ta kira AWaRe. Gidan farko su ne na yau da kullum, amoksisilin, sefaleksin, naitrofurantoyin, doksisaikilin, Flagyl, Septrin. Gida na biyu na sa-ido ne don ƙwayoyin cuta na saurin bijire musu, nan sipro da azitromaisin da seftirayakzon suke. Na uku na ajiya ne irin su kolistin, sai komai ya gaza. Ka ga waɗanda mutane ke kira masu ƙarfi suna rububi duk a gida na biyu suke, in muka ƙone su a kan mura ranar da ɗanka ya kwanta da ciwon jini me za a ɗauko? Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Uwargida:
Malam ni matsalata lokaci ne, in an ce sau uku sai in sha da safe da rana da yamma kafin magariba in gama.

Malam Famasis:
Hajiya sau uku na nufin duk awa 8, misali 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Dangin penisilin aikinsu ya dogara ne da tsawon lokacin da suka zauna a jini sama da wani mataki, kuma ƙoda na saurin fitar da su, in kika tattara su da rana daren gaba ɗaya ƙwayar cutar hutawa take tana hayayyafa. In kin manta ki sha da kin tuna, sai dai in na gaba ya kusa to ki bar wancan, kar ki haɗa biyu.

Maman Biyu:
Salam mun dawo alhamdulillah. Likita ya ce nimoniya ce amma ba sai an kwantar da shi ba iskarsa lafiya. Nauyinsa kilo 13. An ba mu sabon amoksisilin an ce mil 10 safe mil 10 dare kwana 5 da sirinjin aunawa. Amma ni tsoro nake ji, yayarsa mai shekara biyar mil 5 aka ce, shi ƙarami kuma mil 10? Ba a yi kuskure ba kuwa?

Daktan Yara:
Alhamdulillah. Duba jikin kwalaben biyu ki faɗa min abin da aka rubuta kusa da 5ml.

Maman Biyu:
Sabuwar 250mg/5ml, tsohuwar 125mg/5ml. Ashe ma sabuwar ta fi, to abin ya ninku kenan Dakta.

Daktan Yara:
Ba kuskure ƙanwata, daidai aka ba ku. Na nimoniyar yara lissafinsa miligiram 40 ne a kowane kilo, sau biyu a rana. Kilo 13 sau 40 ya ba mu 520, mil 10 na kwalbarki 500 ne, kin ga ya zauna. Da kin bi cokali ɗaya sau uku na tsohuwar, ko da ba ta lalace ba, 375 zai samu a wuni alhali 1000 yake buƙata. Ana ba da shi da yawa haka ne saboda ƙwayar da ta fi kawo nimoniya da ciwon kunne wasu nau'o'inta sun fara taurin kai, amma in aka ɗaga dos ɗin amoksisilin yana cin su. Ita yayar ban gan ta ba a lokacin, amma a lissafin da muke bi yanzu na ciwon kunne, 80 zuwa 90 a kowane kilo a wuni, abin da ta sha ya yi ƙasa. Nan gaba duk wanda zai rubuta wa ɗanki magani ki tambaya an auna shi? Ki yi amfani da sirinjin, cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne, ki girgiza kwalbar kafin ki ja. In kwalbar mai mil 100 ce ranar ta biyar da dare za ta ƙare tas.

Maman Biyu:
Mai 100 ce. Anti gaskiyarki ce kwana uku na ba yayar na tsaya da ta daina kukan kunnen, wannan karon insha Allah ba zan tsaya ba. Sai dai babansu ya ce shi tun yana yaro aka ce penisilin ba ya karɓarsa, ko yaron zai gada?

Daktan Yara:
Ba a hana yaro don babansa, ki ba shi. Shi ma baban ya kamata a bincika, mafi yawan masu cewa suna da alajin penisilin in aka gwada su sai a ga babu, sau da yawa ƙurajen bairos ne suka fito musu suna yara aka ɗora wa maganin. Abin da za ki lura da shi, in leɓe ko fuska ta kumbura, ko borin jini ya feso, ko numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan sha, ki tsaya ku koma asibiti da gudu. 'Yar gudawa mara yawa tana faruwa, ki ci gaba ki yawaita ba shi ruwa. In bayan kwana biyu numfashin bai sauka ba ko zazzaɓin na nan ko ya ƙi shan komai ku koma, kar a canza magani a gida.

Maman Biyu:
Anti na ba shi na daren yanzu ko minti goma ba a yi ba tari ya sa shi ya amayar. In sake ko in bari sai safe?

Anti Nas:
In bai kai minti 30 ba ki sake ba shi mil 10 ɗin, in ya wuce haka ki bari sai na gaba. Ki ɗan jira cikin ya lafa, ki zaunar da shi a cinyarki ki dinga tura masa kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu ba tsakiyar maƙogwaro ba. Tunda kin sake ɗaya kwalbar ba za ta kai ki ƙarshe ba, ki faɗa musu su cika miki na ranar ƙarshe. In kuma duk wanda kika ba shi sai ya dawo da shi to ku koma, sai an bi ta allura.

Maman Biyu:
Salam, yau kwana uku da farawa. Na ƙirga da asuba yana barci 34, zazzaɓin tun jiya bai dawo ba, tarin dai yana nan. Na karɓo cikon, saura na daren yau da kwana biyu.